DUHUN HOTO DA DUHUN ALLO: ABIN LURA GA MASU ƊAUKAR HOTON TAKARDUN AJAMI

Hausawa su kan ce gani ya kori ji. Saboda haka ne masu binciken harshe da tarihi su ka rungumi na'urar ɗaukar hoto hannu biyu, don takardar da mai ita ba zai yarda ta bar zaurensa ba, hotonta ya kan iso jami'a a rana guda. Amma akwai wata matsala da ba a cika lura da ita ba, watau hoto ɗaya ya kan fito tangaran a wayar wanda ya ɗauka, in an buɗe shi a kwamfutar malaminsa kuwa sai a iske shi dishi-dishi, tawada da takarda sun cuɗe. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin haka, da kuma rarrabe duhu iri biyu: wanda ya ke daga allon na'ura, shi yana da magani, da wanda ya ke cikin hoton kansa, shi kuwa sau da yawa ba shi da shi.

1. Inda matsalar ta ke tasowa

A ɗauki misalin ƙasar kudancin Kano, wajen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. A Burumburum ne aka kashe Sarkin Kano Muhammadu Alwali, na ƙarshen sarakunan Haɓe, a wajejen 1807, don haka mai bin diddigin zamanin jihadi ba zai rasa dalilin zuwa can ba. In ya dace wani malami ya fito masa da tsofaffin takardu, galibi a zaure za a shimfiɗa su, inda haske ba ya shiga sai ta ƙofa. Takardar ta yi ja don tsufa, tawadar ta koɗe. Ga shi kuma na'urar ɗaukar hoto an gina ma'auninta bisa zaton duk abin da ke gabanta, in an gauraya shi, ruwan toka ne matsakaici. Da ta ga farar takarda ta cika mata ido sai ta rage haske, shafin ya fito da duhu. Mai ɗauka ba zai gane ba, domin idonsa ya saba da duhun zaure, allon wayarsa kuwa yana haskawa ƙwarai.

Abin da ya sa wannan ya zama babban al'amari shi ne, ma'anar ajami a kan ɗigo ta ke rataye. A farkon kalma, ba da nun da ta siffarsu ɗaya, ɗigo ne kaɗai ya raba "bawa" da "nawa" da "tawa". A rubutun Magaribi da aka saba da shi a ƙasar Hausa, fa ɗigonsa ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonsa ɗaya a sama, to, shi ke nan bambancin "fara" da "ƙara". Wasalin e ma, watau imala, ɗigo ne a ƙarƙashin baƙi, sau da yawa kuma da jar tawada a ke sa wasula. Ashe ɗigo guda in ya nutse cikin duhu, malamai biyu su na iya yin jayayya a kan karatun baiti, alhali kuwa saɓanin na allunansu ne.

2. Hoto lambobi ne

Hoton zamani ba zane ba ne da ke ajiye cikin na'ura, jerin lambobi ne. An rarraba shi 'yan ƙwayoyi miliyoyi, kowace ƙwaya tana da lamba uku: ta ja, ta kore, ta shuɗi. A mafi yawan hotuna kowace lamba daga 0 ta ke tashi zuwa 255, watau matakai 256. Sifiri uku baƙi ne ƙirin, 255 uku fari ne fat. Lambar ba ta faɗi yawan hasken da za a fitar ba, allon da aka buɗe hoton a kansa shi ke fassara ta, kamar yadda mudun wata kasuwa ya kan bambanta da na wata ko da ya ke sunansu ɗaya.

Fassarar kuwa ba a miƙe ta ke ba. Akwai wata ƙa'ida da masana ke kira gamma. A allon da gammarsa 2.2 ne, lamba 128, wadda ita ce tsakiya, ba rabin haske ta ke bayarwa ba, kimanin kashi 22 ne cikin ɗari. A gamma 1.8 kuwa ta kan ba da kimanin kashi 29. In aka sauko wajen duhu sai ratar ta ƙaru: lamba 30 ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a gamma 2.2, amma a 1.8 ta kan ba da wajen kashi biyu, fiye da ninki ke nan. Wannan shi ne asirin da ya sa hoto mai haske ya kan yi kusan kama ɗaya a ko'ina, mai duhu kuwa kowane allo da yadda ya ke nuna shi.

An daɗe da neman mudu guda. A 1993 aka kafa ƙungiyar ICC don tsara yadda kowace na'ura za ta riƙa bayyana halin launinta. A 1996 kamfanonin Hewlett-Packard da Microsoft su ka fito da ma'aunin sRGB, wanda ya zama na duniya a 1999, gammarsa wajen 2.2. Duk da haka kwamfutocin Apple sun zauna a kan 1.8 har 2009, shi ya sa hoton da aka gyara a kansu kafin nan ya kan yi duhu a sauran kwamfutoci.

3. Abubuwan da ke raba allo da allo

Na farko, ƙarfin fitila. Ma'aunin sRGB ya ƙaddara allo mai hasken kandela 80 a kowace murabba'in mita, a ɗaki mai ƙarancin haske. Wayoyin yau su kan ninka wannan sau da yawa, su na kuma ƙarawa da ragewa da kansu.

Na biyu, ƙirar allon. Irin LCD fitila ce a bayansa kullum tana ci, saboda haka baƙinsa ba ya yin ƙirin, kuma a wasunsu in mutum ya karkata kai sai duhun ya sāke. Irin OLED kowace ƙwaya da haskenta, in ta mutu ta mutu ɗungum.

Na uku, hasken wurin. Hasken da ya faɗo a kan allo ya kan dawo ido, ya binne matakan duhu. Shi ya sa malamin kwaleji da ya haska shafi da majigi a aji mai buɗaɗɗun tagogi zai ga ɗalibai na baya ba su ganin wasali ko ɗaya.

Na huɗu, talabijin. A ƙa'idar bidiyo baƙi yana kan lamba 16 ne, fari 235. In aka haɗa kwamfuta da talabijin ba su daidaita a kan wannan ba, duk abin da ke ƙasa da 16 sai ya dunƙule ya zama baƙi ɗaya.

4. Daidaita allo

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda ba shi da kayan awo yana iya samun hoton gwaji mai jerin matakai daga baƙi zuwa fari, ya zauna a ɗakin da ya saba aiki, rana ba ta dukan allon, ya yi ta gyara haske har ya iya rarrabe matakan farko na baƙi ba tare da na fari sun haɗe ba. Sashen jami'a kuwa ya kamata ya mallaki na'urar awon launi, wadda a ke ratayawa a fuskar allo, ta auna abin da ya ke fitarwa, ta rubuta wa kwamfutar gyaran da ya dace. Abin da aka fi nufa shi ne gamma 2.2, farin da ke kan kelbin 6500, da haske tsakanin kandela 80 da 120. Fitilar allo tana tsufa, don haka a kan maimaita awon lokaci lokaci.

5. Duhun da ba shi da magani

Daidaita allo ba ya mai da abin da ba a ɗauko ba. In tawada da ɗigonta da inuwar takarda duk sun faɗa kan lambobi biyu ko uku na can ƙasa, ƙara haske daga baya sai dai ya fito da dabbare-dabbare, wani ma ya yi kama da ɗigon da marubucin bai sa ba. Wannan ya fi rashin gani haɗari. Tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto kuma ya kan matse shi, ya zubar da 'yan bambance-bambancen nan.

Saboda haka rigakafin a zauren ya ke. A nemi izinin mai takardu a fito da su inuwa mai haske, ba cikin rana ba. Kada a dogara ga yadda hoton ya ke a allon na'ura, a dubi jadawalin haske da a ke kira histogiram: in ya taru duk a hagu, a ƙara haske a sāke ɗauka. A ajiye katin launuka ko na ruwan toka a gefen shafin, kamar yadda a ke yi a manyan ayyukan adana takardu irin shirin da Laburaren Birtaniya ya fara a 2004, domin duk wanda ya buɗe hoton ya gwada allonsa da abin da aka san launinsa. A adana asalin hoton ba a taɓa shi ba, gyara a kan kwafi a ke yi.

Ya kamata kuma ya zama al'ada ga mai tahakikin rubutu, in ya ce ɗigo ba ya nan, ya faɗi ko takardar ya gani ko hotonta, in hoto ne ya tabbatar an daidaita allon da ya duba. Takardun nan gara da damina su na cinsu kowace shekara, kuma wata rana hoton shi kaɗai zai rage ya ba da shaida.