Kumburin Dasashi: Rigakafinsa da Maganinsa

Dasashi shi ne naman da ya lulluɓe gindin haƙora. Idan ya kumbura yakan yi ja, ya riƙa jini wajen asuwaki, baki kuma ya yi wari. Sau da yawa mutum kan daina goge wurin da zarar ya ga jini, alhali kuwa yin haka shi ke ƙara rura ciwon.

Musabbabin wannan ciwo wata dauɗa ce mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, wadda ke taruwa a mahaɗar haƙori da dasashi. In aka ƙyale ta sai ta sandare, har ya zama likitan haƙori kaɗai ke iya kankare ta. A shekarar 1965, Harald Löe da abokan aikinsa a ƙasar Danmak suka sa wasu masu lafiyayyen baki su daina goge haƙora. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa kuwa, ya warke cikin kamar mako guda.

Saboda haka, maganin shi ne gogewa a hankali safe da dare, na minti biyu, da buroshi mai laushi ko asuwaki, tare da sakace tsakanin haƙora da kuma barin taba. Idan jinin ya wuce mako biyu, to, a garzaya asibiti, domin ciwon kan ci ƙashin da ke riƙe da haƙori har ya faɗi. Rigakafi dai, in ji Bahaushe, ya fi magani.