Rumbu da Katin Asibiti: Inshorar Lafiya a Karkarar Arewacin Kano

Ƙasar da ta shimfiɗu a arewacin birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Dambatta da Makoɗa, tana cikin yankunan karkara mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kuma tun shekarun 1960 masanin ilimin ƙasa Michael Mortimore ya nuna yadda mutanenta suke noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da hutar da shi ba, suna riƙe ƙarfinsa da takin dabbobi da sharar birni. Gonaki a nan ƙanana ne saboda rabon gado yana daɗa tsinka su, don haka abin da gida yake samu na gero da dawa da wake da gyaɗa da ƙyar yake kaiwa wata kakar, sai an haɗa da kiwo da ƙananan sana'o'i da ci-rani. A irin wannan zama, rashin lafiyar mutum ɗaya takan girgiza tattalin gidan baki ɗaya.

Abin da ake kira kula da lafiya ga kowa, wanda ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin cimmawa zuwa 2030 a cikin muradun Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, yana nufin kowane mutum ya samu magani da kulawar da yake buƙata ba tare da biyan kuɗinsu ya jefa shi cikin talauci ba. Najeriya tana nesa da wannan matsayi, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa, a daidai lokacin da ciwon ya kwantar da shi.

Lokacin da ciwo yake zuwa shi ne babbar matsalar manomi, kuma shi ne abin da masu tsara inshora suka fi mantawa da shi. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowar yara suna tsananta ne daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, watannin da rumbu ya yi ƙasa, aka riga aka kashe ɗan abin hannu a kan taki da iri da ƙwadago, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Idan yaro ya kwanta a watan Agusta, uwarsa takan fara da kemis ɗin ƙauye, inda za a yanko mata ƙwayoyi gwargwadon kuɗinta ko a rubuta mata bashi, kuma sau da yawa ba a cika adadin maganin ba, ciwon ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfi. Sai idanun yaron sun yi fari, ko ya fara jijjiga, sannan maigida zai ja akuya zuwa kasuwa ya sayar da ita yadda dillali ya taya, a ɗauki babur zuwa babban asibitin Bichi ko na Dambatta, inda ƙarin jini da kuɗin gado za su cinye ninkin abin da maganin farko zai ci. In kuwa doguwar naƙuda ce ta kai ga tiyata, ba baƙon abu ba ne a jinginar da gona, wato a miƙa ta ga mai kuɗi ya riƙa nomawa har ranar da aka biya shi, ranar da a gidaje da dama ba ta zuwa.

Tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka kafa da doka a 1999 aka kuma ƙaddamar a 2005, an gina shi ne a kan albashin wata: a cire wani kaso daga albashin ma'aikaci, a ba shi kati da ya ƙunshi shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Wannan ma'auni bai yi kama da gidan gandu ba, inda magidanci da matansa da 'ya'yansa masu aure da jikoki suke cin tukunya ɗaya, kuma kuɗi ke shigowa a dunƙule sau ɗaya a shekara. Jihar Kano ta yi dokar kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya a 2016, ita ma da ma'aikatan gwamnati ta soma, kasancewar su ne masu sauƙin cirewa daga albashi. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a sabuwar doka da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, sai dai wajabci a takarda ba ya samar wa manomin Tsanyawa hanyar biya.

Abin da ya fi kusa da talakan karkara shi ne asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ko da yake bai shiga kasafin kuɗi ba sai a 2018. Manufarsa ita ce a samu asibitin sha-ka-tafi guda mai aiki a kowace mazaɓa, kuma Kano tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumominta 44. Ana yi wa marasa ƙarfi rajista, musamman masu juna biyu da yara ƙanana da tsofaffi da masu lalurar naƙasa, sannan a riƙa biyan asibitin ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba, domin asibitin ya tanadi magani tun kafin a buƙace shi. Tsarin yana da ma'ana, amma waɗanda asusun yake iya ɗauka kaɗan ne idan aka auna su da yawan mabuƙata.

Ko ga wanda ya samu kati, amfaninsa ya rataya ne a kan abin da zai tarar a asibitin. Idan ungozoma ba ta kwana a wurin, ko aka rubuta masa takarda aka ce ya je waje ya sayo, to katin bai rage masa komai ba, kuma labarin haka yana zaga ƙauye da sauri fiye da duk wata shelar gwamnati. Jamhuriyar Nijar ta ɗanɗana wannan bayan ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006: iyaye sun yi tururuwa, amma jinkirin gwamnati wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu ya bar da yawa daga cikinsu da bashi da kantocin magani wayam.

Akwai kuma ɗari-ɗarin da wasu suke yi da kalmar inshora, saboda malamai da dama sun soki inshorar kasuwanci a kan rashin tabbas da riba da ke cikinta. Tsarin taimakekeniya, wanda ya yi kama da takaful, wato inshorar Musulunci, ya kauce wa wannan, tunda gudummawa ce mutane suke tarawa don wanda jarrabawa ta faɗa wa, kuma mutanen da suka saba da gayya da adashi da zakkar hatsi ba sa buƙatar a koya musu wannan ɗabi'a. Bambancin kawai shi ne mai adashi yana jiran kwasarsa, mai taimakekeniya kuwa yana iya zubawa shekara ta ƙare bai karɓi komai ba. Asusun ƙauye ɗaya ma ba zai iya ɗaukar nauyin tiyata biyu ko uku a damina ɗaya ba, dole sai an haɗa shi da na jiha, inda gudummawar masu lafiya da masu hali za ta rufa wa marasa lafiya asiri. Ghana, da ta kafa nata tsarin a 2003, ta dogara ne da harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki da ayyuka, saboda ta fahimci cewa ƙaramin zubin manoma da 'yan kasuwa ba zai riƙe asusun ba. Ga arewacin Kano, inda hatsi yake zama kuɗi daga Oktoba zuwa Disamba a kasuwannin ƙauye da ta Dawanau, a wannan tsakanin ne ya kamata a karɓi zubin shekara a dunƙule, bisa lissafin gida gaba ɗaya, gwamnati kuma ta biya wa gidajen da amfanin gonarsu bai kai su ko bazara ba.