Kowane Magani Da Hanyarsa

A Belbeji da duk ƙasar Damargu, damina lokacin masassarar cizon sauro ce. Tun 2013 ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 ƙwayoyin rigakafi a Nijar.

Ƙwaya sai ta narke a ciki, ta ratsa hanji, kana ta shiga jini. In yaro ya amayar da ita nan take, ba ta yi aiki ba. A faɗa wa mai rabawa ya sake ba shi.

Yaron da ya galabaita har ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa. Akwai maganin da ake sa wa ta dubura. Wannan guzurin hanya ne kawai. A hanzarta kai shi gidan likita, inda allurar jijiya ke kai magani cikin jini kai tsaye.