Kambun 1984 da fushin masoyan ƙwallo a Gidimuni

Matafiyin da ya bar birnin Damagaram ya nufi gabas bisa babbar hanyar da ta yi Gure da Difa, in ya wuce Mirya, ya kuma ci kimanin kilomita 70 daga inda ya taso, zai tarar da Gidimuni kwance cikin kwarinta tsakanin tuddan rairayi. Garin ya yi suna da tafkinsa, da dabino, da rake, da garaken kayan miya. Mutanensa manoma ne da masu sana'ar lambu, kuma galibinsu ba su cika ɓata lokaci a kan abin da ba ya kawo tuwo ba. Amma duk da haka, in magariba ta wuce aka ɗora tukunyar shayi a fada, akwai wata magana da ke iya raba aboki da aboki har zuwa kiran assalatu, wato maganar Espoir, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta birnin Damagaram.

Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa fata, ko kuma sa rai ga alheri. Masu ba'a sukan ce wanda ya raɗa mata wannan suna ya hango nesa, tun da yake shekara arba'in ke nan masoyanta ba su da wani abinci sai shi.

Ga asalin zancen. An soma gasar ƙasa ta ƙwallon ƙafa a Nijar a shekara ta 1966. Daga wannan lokaci har zuwa 1982, duk shekarar da aka buga ta, kambun bai taɓa barin Yamai ba. Ƙungiyoyin unguwannin babban birni, irin su Secteur 6 wadda ta koma Olympic da Secteur 7 wadda ta koma Sahel, da ƙungiyar soja, da AS Niamey, su ne suka yi ta miƙa wa juna shi. Sai a 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta karya wannan al'ada. Shekara na zagayowa, a 1984, Espoir ta Damagaram ta ɗauko kambun ta kawo shi gabas.

Ya kamata mai karatu ya tuna wace irin shekara ce 1984. Damina ta ƙi, hatsi ya yi wuya, dabbobi sun yi ta faɗuwa a daji. Cikin watan Afrilu kuma Najeriya ta rufe iyakarta, fatauci da Kano da Daura ya tsaya cik, har talakawa suka laƙaba wa yunwar wannan zamani suna El Buhari. A cikin wannan ƙunci ne labarin nasarar Espoir ya bazu ta rediyo zuwa ƙauyuka. Lokacin mulkin Saini Kunce ne, samariya tana da ƙarfi a kowane gari, kuma abin da ƴan jaha suka samo a filin wasa ana ɗaukarsa rabon kowa da kowa. Shi ya sa dattijon Gidimuni da bai taɓa shiga filin wasan Damagaram ba yake cewa "mun ci" in yana ba da labarin wannan shekara. Mai wannan rubutu ba a haife shi ba sa'ad da abin ya faru; a bakin manya ya ji shi, kamar yadda ya ji labarin ganuwar Sarki Tanimu.

Daga 1985 kambun ya koma Yamai a hannun Zumunta. Tun daga nan har zuwa 2024, babu wata ƙungiya ta wajen babban birni da ta sake taɓa shi: ba ta Maraɗi ba, ba ta Tawa ba, ba Akokana ko Urana na Arlit ba, balle Espoir. Ke nan Damagaram ce ta ƙarshe, kuma wannan abin alfahari shi ne ya zame wa masoyanta ƙaya a maƙogwaro.

Ga waɗanda ba su saba da tsarin gasar ba, a taƙaice haka yake: ƙungiyar da ta ci wasa tana samun maki 3, in an yi kunnen doki kowacce ta sami 1, wadda aka ci kuma ta tashi hannu wofi. A ƙarshen shekarar wasa, mai maki mafi yawa ita ke ɗaukar kambu ta wakilci ƙasa a gasar Afirka, na can ƙasa kuma su faɗa rukuni na biyu. Bambanci tsakanin babbar ƙungiya da mai fama ana ganinsa ga irin lissafin da masoyanta ke yi. Wasu suna ƙirga makin da ya rage su kai sama. Masoyan ƙungiyoyin jahohi kuwa sun fi sabawa da ƙirga makin da zai hana su faɗawa rami.

To, wa ke da laifi? A fadojin Gidimuni amsar ba ta ƙarewa. Wani ya ɗora wa shugabannin ƙungiya, ya ce ba a taɓa kiran masoya aka karanta masu abin da ya shigo da abin da ya fita ba. Wani ya ɗora wa mai horar da ƴan wasa. Wani ya ce yaran yanzu ba su da kishin riga, ana ganinsu da safe a fili, da yamma a kan kabu-kabu, ya manta cewa kabu-kabun ne ke ciyar da su. Alƙalin wasa kuwa, wannan bawan Allah ba ya taɓa yin daidai, musamman in daga yamma ya fito. Duk waɗannan koke-koke ana jin irinsu a ko'ina aka kafa raga cikin duniya, kuma ba mu da hujjar da za mu yanke wa kowa hukunci a kansu.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne inda mafi yawan fushin ke sauka. Ba ya tafiya nesa, a kan maƙwabci yake ƙarewa. A cikin birnin Damagaram akwai wata ƙungiya, Alkali Nassara, wadda ita ma ta buga a rukuni na farko. Gari ɗaya, fili ɗaya, ƴan kasuwar da ake zuwa roƙo ƙofarsu su ne dai guda, kuma yaran da ake zaɓa daga Birni, da Zango, da Sabon Gari, da Garin Malam su ne dai guda. Saboda haka in yaro mai ƙafa ya bar wannan ya koma waccan, ana kallonsa kamar wanda ya fita daga dangi. Akwai masoyin da zai yafe a ci ƙungiyarsa sau biyar a Yamai, muddin ta kayar da ta cikin gida. Ranar nan zai kwana da farin ciki, ko da kuwa ƙungiyoyin biyu suna can ƙasan jeri suna riƙe da juna kamar masu nutsewa.

Hamayya ta biyu ita ce ta Maraɗi, wadda ke da nisan kimanin kilomita 240 daga Damagaram. Wannan ta fi daɗi, domin da raha a cikinta. Bamaraɗe zai ce su ne suka buɗe ƙofa a 1983, Damagarawa suka bi sawu. Badamagare zai amsa cewa wanda ya riƙe abu a ƙarshe shi ke da labari. A tashar mota, a kasuwa, a wurin biki, ana wannan ja-in-ja ana dariya. Sai dai in an duba da idon basira, gardama ce ta mutum biyu da ke musun wanda ya fi ƙoshi a wata liyafa da aka watse tun shekara arba'in.

Ba mu ce hamayya aibu ce ba. Ita ce gishirin wasa, kuma ita ke cika fili da jama'a ranar da babu wani abin da zai cika shi. Illarta ɗaya: tana rufe ido ga barin ganin inda gizo yake saƙa. Mu ɗauki jerin waɗanda suka ci gasar daga 2005 zuwa 2024. Ƙungiyar rundunar FNIS, wadda daga baya ta koma ta ƴan gardi da sunan AS GNN, ta ci a 2005, 2006, 2011, 2014, 2023 da 2024. Ta ƴan sanda ta ci a 2008. Ta soja, AS FAN, ta ci a 2010, 2016 da 2017. Ta duwan ta ci a 2013 da 2015. Ta kamfanin mai na ƙasa, SONIDEP, ta ci a 2018 da 2019. Ta jandarma ta ci a 2021, ta kamfanin lantarki NIGELEC kuma a 2022. A 2020 annobar korona ta tsayar da wasa. Cikin wannan tsawon lokaci, sau uku kaɗai ƙungiyar unguwa ta yi nasara: Sahel a 2007 da 2009, Olympic a 2012, kuma su ma na Yamai ne.

Wannan jeri ya ishi mai hankali bayani. Ƙungiyar da ke da ma'aikata ko kamfani a bayanta tana da kasafin kuɗi, tana da mota, tana iya biyan ɗan wasa a ƙarshen wata, wani lokaci ma har ta buɗe masa ƙofar aiki in ƙafarsa ta gaji. Ƙungiyar gari kuwa tana rayuwa ne bisa kyautar wani alhaji, da ɗan abin da aka tara a bakin ƙofa, da taimakon hukuma in ya samu. Ranar da alhajin ya yi fushi ko kasuwa ta juya masa baya, ƙungiya ta kwanta. Yaron da ya yi fice a Damagaram, in aka yi masa tayin albashi a Yamai, da wane baki za a ce masa ya zauna? Uwarsa ma ita za ta ɗaure masa kaya. Masoya suna kiran wannan cin amana, amma da su ne a matsayinsa da tuni sun hau mota.

Sai kuma maganar hanya, wadda mutanen babban birni ba su cika lura da nauyinta ba. Tsakanin Damagaram da Yamai akwai kusan kilomita 900. Zuwa da dawowa 1.800 ke nan, ga kuɗin mota, ga masauki, ga abincin mutum fiye da ashirin. Ƴan wasa su sauka da kumburarrun ƙafafu, su shiga fili da waɗanda suka kwana a gadajensu. Ƙungiyar Yamai kuwa mafi yawan wasanninta na "waje" a cikin gari ɗaya take yin su, tun da abokan karawarta maƙwabtanta ne. Birnin da ya riƙe hedikwatar ƙasa har zuwa 1926 ya san ciwon wannan nisa fiye da kowa, kuma ba a ƙwallo kaɗai ba. Wani abin da dattawan fada ke yawan ambata shi ne matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 arewa da Damagaram, bisa hanyar Tanut. Sukan ce man daga jaharsu yake fita, ƙungiyar da ke ɗauke da sunan mai kuma tana Yamai. Maganar akwai zafin rai a cikinta, amma tambayar da ke ƙarƙashinta ta cancanci amsa: me zai hana kamfanonin da ke aiki a jaha su ɗauki nauyin ƙungiyoyin jaha?

Wanda ke shakkar cewa tsari ne matsalar, ya dubi kokowa. Tun da aka soma gasar ƙasa ta kokowa a Tawa a 1975, ana zagayawa da ita daga wannan jaha zuwa waccan, kowace jaha tana kawo ƴan kokowa goma, hukuma kuma tana ɗaukar nauyin kowa daidai wa daida. Sakamakon haka takobi ya shiga jahohi dabam-dabam, kuma Damagaram ta fitar da gwanaye irin su Langa-Langa, wanda filin kokowar birnin ke ɗauke da sunansa, da Balla Haruna. Ƙasar da ta haifi waɗannan ba ta rasa ƙarfi ko zuciya ba. An daidaita fage ne, sai aka ga abin da kowa ya iya.

A halin da ake ciki, akwai wata ɓarna da ke tafiya a hankali. Samarin Gidimuni da aka haifa bayan 2000 ba su cika shiga gardamar Espoir da Alkali Nassara ba. Su nasu rikicin tsakanin Real Madrid da Barsalona ne, a rumfar kallo inda ake biyan ƴan daloli a zauna gaban talabijin mai aiki da hasken rana. Sun san sunan mai tsaron gidan wata ƙungiya ta Ingila da ta Faransa, amma ka tambaye su mutum uku da ke buga wa jaharsu, sai su yi ta kallon juna. Sun ɗan waiwayo gida lokacin da Mena ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai a 2010, ta kuma je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. Wannan ya nuna kishin yana nan, abin da zai riƙe shi ne babu. Dattijon da ke zagin Espoir kullum, har yanzu nata ne, domin ba a fushi da abin da ba a so. Wanda ya kamata shugabannin ƙungiya su ji tsoro shi ne yaron da ko zagin ba ya yi.

Akwai abubuwan da ba sai an jira Yamai ba. Masoyin da ke neman a karanta masa lissafi, ya kamata ya zama yana da katin ƙungiya da yake biya duk shekara, ko da jaka guda ce; wanda ya zuba kuɗinsa shi ke da bakin tambaya a babban taro. Ƙungiyoyin birni kuma su daina jiran yara su zo da kansu. Tsakanin Mirya, Gidimuni, Gidigir da Damagaram Takaya akwai filayen makaranta da ake buga wasa kowace yamma, da ƙafa ba takalmi, cikin rairayin da ke ƙarfafa gwiwa. Gasar ƙananan hukumomi lokacin hutun makaranta ba ta bukatar abin da ya wuce ƙwallaye, da raga, da mai busa, da magajin garin da ya sa ta cikin kasafinsa. Wasan sada zumunci guda a shekara, wanda Espoir ko Alkali Nassara za ta zo ta buga a Gidimuni bayan girbi, tafiyar kilomita 70 ce kawai.

Abin da ya rataya a wuyan hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, da ma'aikatar da ke kula da wasanni, shi ne maganar hanya. In ana raba taimako, a auna shi da kilomitan da kowace ƙungiya ke ci a shekara. Ƙungiyar da ke tafiyar 1.800 domin wasan minti 90 ba daidai take da wadda ke tsallaka unguwa biyu ta isa filin Janar Saini Kunce ba.