Gaskiya ko Jita-jita: Maganganun da Ake Yi a Bakin Fandisho

Ranar da mutum ya ce zai fara gina wa iyalinsa gida, ranar yake samun mashawarta kyauta. Dillali na da tasa, birkila na da tasa, abokin da ya tare a nasa gidan bara shi ma na da tasa, kuma kowa da tabbaci yake magana. Wasu maganganun gogewa ce ta haife su. Wasu kuwa yawan maimaitawa ne kawai ya zaunar da su, kuma in ka lura kusan duk gefe guda suke tura mai gida: ya tsuke hannu a kan abin da za a binne a ƙasa ko a rufe da filasta, ya sake shi a kan abin da mai wucewa zai gani ya yaba.

Ta farko tun kafin a sauke tifar yashi ake jin ta: "Tunda mai unguwa ya sa hannu, fili ya zama naka." Rabinta gaskiya ne. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana tabbatar da cewa an sayar, an biya, kuma ranar rigima tana da amfani ƙwarai. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Shi ke ba da haƙƙin zama a filayen birni, yawanci na shekara 99, kuma sauya mai wannan haƙƙi na buƙatar amincewarsa. Takardar unguwa ba za ta gaya maka ko filin ya faɗa kan titin da ke cikin taswirar gwamnati ba, ko an jinginar da shi a banki, ko gado ne da ba a raba ba wani daga cikin magada ya riga 'yan'uwansa kai shi kasuwa. A filayen awon igiya wannan tambaya ta fi nauyi. Ana zuwa a bincika a ofishin bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, sannan a nemi izinin gini daga hukumar tsara birane, irin KNUPDA ko KASUPDA. Kuɗin binciken ba ya kama ƙafar asarar wanda ya wayi gari ya ga jan fenti a katangarsa. Kuma filin da aka nuna maka a Maris, daure ka koma ka gan shi a Agusta bayan ruwa mai ƙarfi, ka tambayi maƙwabta inda ruwan unguwar ke bi.

Sai ta biyu: "Gidan da ba bene ba ba ya buƙatar zane, birkila zai ja shi da igiya da toka." Wannan jita-jita ce, kodayake na san birkiloli masu ido da hannu waɗanda ba a raina aikinsu. Zane ne ke yanke inda rana za ta bugi gidan. A yankinmu hasken yamma ne ke mayar da ɗaki tanderu, don haka manyan tagogi sun fi dacewa da bangon kudu da na arewa, kuma ɗakin da ke da taga a bango biyu iska ke ratsa shi. Zane ne ke nuna inda bututun ruwa da na waya za su bi, don kada a gama filasta a dawo da guduma ana fasawa. Shi ne kuma ke raba masai da rijiya. Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar tazarar kimanin mita 30 tsakanin ramin bahaya da wurin ɗibar ruwan sha, alhali fulotin ƙafa 50 da 100 gaba ɗayansa kimanin mita 15 ne da 30. Ke nan ramin maƙwabcinka ma ya shafe ka, kuma gara a yi wannan magana da shi tun ba a haƙa ba. Bayan haka, in babu zane babu mai iya ƙididdige bulo nawa, rodi nawa, buhu nawa za a ci, kuma gidajen da suka tsaya a linta shekara da shekaru, ciyawa na fitowa a falonsu, da yawansu da "mu fara, Allah zai kawo" aka soma su ba tare da an san jimillar ba.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce: "A yi fandisho yanzu, in Allah ya hore daga baya sai a ɗora bene." Ana iya gina gida hawa-hawa gwargwadon samu, wannan ba laifi, amma da sharaɗin tun ranar farko injiniya ya lissafa harsashi da ginshiƙai a kan nauyin benen da ake fata. Harsashin da aka yi don hawa ɗaya ba ya ƙara ƙarfi don mai gida ya yi arziki. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, ginin makarantar da ya faɗi a Jos a Yulin 2024 ya ci rai 22, yawancinsu ɗalibai. Girmansu ne ya kai su kanun labarai. Ƙaramin benen unguwa da ya danne lebura biyu, kwana ɗaya ake maganarsa. Dalilin kafa COREN mai rajistar injiniyoyi da ARCON mai rajistar masu zanen gini ke nan, kuma mai gida na da damar tambayar lambar rajistar duk wanda ya ce masa shi injiniya ne.

Kan zurfin fandisho ma, haka zancen "ƙafa uku ta isa ko'ina" yake. Ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Baƙar lakar da ake samu a sassan Borno da Gombe da Adamawa kumbura take da damina, ta tsuke ta dare da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi har bango ya tsage. A Kano kuwa kududdufai da yawa da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini an cike su da shara an yanka fuloti a kai, kuma ƙasar ciko kan daɗe tana zama. Zurfin rami da irin harsashin da za a yi, ƙasar wurin ce ke faɗa, shi ya sa ake gwajin ƙasa kafin a ɗora bene. A matakin fandisho ne kuma ake zuba maganin gara, a shimfiɗa leda kafin a zuba jaman-fulo. Wanda ya bar ledar don ya rage kuɗi zai ga gindin bangonsa na jiƙewa, fenti na kumbura yana zuba duk shekara.

Mu zo kan siminti, inda jita-jita ta fi yawa. Mutane da dama sun ɗauka bushewa kankare ke yi ya yi ƙarfi, har ake cewa rana mai zafi ita ce ranar zuba dekin. Lamarin akasin haka ne. Siminti haɗuwa yake yi da ruwa, kuma wannan haɗuwar ce ke ɗaure yashi da tsakuwa su zama dutse. Tana tafiya ne a hankali: kankare kan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi kuwa na kwana 28 ne. In ruwan ya ƙafe da wuri, aikin ya tsaya a inda ya kai. Saboda haka ban ruwa na aƙalla mako guda wajibi ne, safe da yamma, har a rufe da jiƙaƙƙen buhu in da hali. Lokacin hunturu, da busasshiyar iska ke zuƙe danshi cikin sa'o'i, da watannin bazara, su ne suka fi buƙatar wannan kulawa. Daga nan za ka gane cewa masu cewa ginin damina ba ya ƙarko sun yi kuskure. Danshin damina taimakon kankare yake. Abin kiyayewa shi ne kada ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a kan wanda aka zuba yanzu-yanzu ya wanke simintin, kada kuma a zuba kankare a ramin da ya cika da taɓo.

Amma ruwan da ke da amfani bayan an zuba, shi ne ke cutarwa in ya yi yawa wajen kwaɓi. Leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗauka da bazawa, kuma ba mai ganin laifin wanda ya wuni yana hawa tsani da kwano a ka. Sai dai duk ruwan da ya wuce buƙatar simintin, in ya ƙafe ƙananan ramuka yake bari a ciki, kankaren ya yi rauni. Ƙara buhu a kan awon da aka tsara ma ba ya gyara yashi mai laka ko tsakuwa mai datti. Katakon da ya tallafe dekin kuma kada a yarda kafinta ya cire shi don yana da wani aikin da zai kai shi. Abin da aka saba shi ne ya kai mako uku, sai in injiniya ya ce wani abu daban.

A farkon 2024, lokacin da farashin buhu ya yi tsalle ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, an ji masu cewa dabara ita ce mutum ya saya ya jibge kafin ya ƙara tashi. Tsoron na da dalili, amma siminti ba kayan ajiya ba ne. Yana shan danshin iska ko da buhun a rufe yake, kuma bayan kamar wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa. Wanda ya dunƙule har hannu ba ya iya murje shi ya tashi daga aiki. Mai son ya kare kuɗinsa daga hauhawar farashi ya sayi kwanon rufi, ko rodi ya ɗora a kan katako ya rufe, ko ya sayi simintin ya buga bulo nan take, ya ba shi ruwa yadda ya kamata. Buga bulo a gabanka na da wata fa'idar, don wasu masu gidan bulo kan ja buhu ɗaya ya fitar da fiye da abin da ya kamata. Bulon da gefensa ke marmashewa in ka murza da yatsa, ko rabin lodi ya farfashe wajen saukewa, ya riga ya faɗi abin da ke cikinsa.

Rodi ma ana cewa duk ɗaya ne. A'a. Akwai wanda ake sayarwa da sunan milimita 12 alhali bai kai ba, kuma sikeli na tona shi: cikakken rodi mai milimita 12 da tsawon mita 12 nauyinsa kimanin kilo 10 da rabi ne da ɗan ɗoriya, mai milimita 16 kuwa kusan kilo 19.

Ginin ƙasa fa, da ake cewa na talaka ne kuma ba ya daɗewa? Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 da tubali aka yi shi. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon kusan mita 27 ta ƙasa ce, tana tsaye tun sake gina ta a 1844. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Bangon ƙasa mai kauri na riƙe zafin rana ya hana shi shiga ɗaki da wuri, abin da bulon siminti mai rami da rufin kwano ba sa yi. Gaskiyar da ke cikin zargin ita ce ƙasa ba ta jure ruwa a ka ko a gindi. Tana son harsashin dutse ko kankare, rufi mai baki da ya fito, indararo mai jefa ruwa nesa, da yaɓe a kan kari. Wanda ba zai iya wannan hidima ba ya yi tunani sau biyu, amma kada ya ce kayan ne ba su da kyau.

Saura maganar bibiya, musamman ga wanda ke Legas ko Saudiyya yana aiko da kuɗi gida. "Ɗan'uwana ne ke tsaye a kai, kullum yana turo mini hoto ta WhatsApp." Ba sai an zargi kowa da cin amana ba kafin a ga raunin wannan tsari. Ɗan'uwa mai gaskiya ɗari bisa ɗari, in bai san aikin ba, ba zai gane an rage rodi a ginshiƙi ba. Hoto kuma bango yake nunawa, ba ya nuna abin da ke cikinsa. Akwai ranakun da dole wani masani ya tsaya da ƙafarsa: ranar da aka gama haƙa rami kafin a zuba komai, ranar da aka ɗaure rodin ginshiƙai da linta da dekin kafin kankare ya rufe su, ranar zubin kanta, da ranar gwada bututun ruwa kafin a yi filasta da tayil. Sauran kwanakin hoto ya wadatar.

Wasu na ganin rubuta yarjejeniya da ɗan'uwa ko tsohon birkilan gida rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin cinikin abin da za a ƙera, inda ake so a fayyace siffa da farashi tun farko. Takarda ɗaya ta isa: wane aiki, da wane kaya, wa zai saya, nawa ne, kuma a wane mataki za a biya. Biyan kuɗin aiki gaba ɗaya tun farko don "a samu sauƙi" shi ne ke sa ma'aikaci ya koma wani wurin da ake bin sa da sabon kuɗi. A biya mataki-mataki, bayan an duba wanda aka gama. A manyan kwangiloli ana riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin har wasu watanni bayan miƙa gini, don a gyara abin da ya ɓullo. Mai ginin gidan iyali ma zai iya sa wannan a takardarsa, da yardar ɗan kwangila tun ranar farko, a ajiye wa'adin biyan ragowar bayan damina ta farko, lokacin da yoyon rufi, tsagewar filasta da inda ruwan tsakar gida ke kwanciya za su bayyana.