Ƙiba ba shedar jini ba ce

 A wannan wata za mu yi magana bisa ƙiba da abin da ke cikin jini.

A garuruwanmu, in magidanci ya aje tumbi sai a ce ya samu. In mace ta yi jiki sai a ce mijinta na ciyarwa. Wanda ya saida albasar Galmi da daraja, ya sayi babur, ya bar tafiyar ƙasa, nan da nan sai riga ta matse shi. Amma likitoci sun ce a yi hattara. Mutum na iya yin kitse alhali jininsa na jin yunwa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima.

Mine ne cikin jini?

Kowane manomi ya san gona ba ta yi sai da taki. Kowane makiyayi ya san dabba na neman gishirin lasa. Haka jikin mutum yake. Yana bukatar wasu sinadarai ƴan kaɗan da ke zuwa daga ƙasa, su shiga abinci, su shiga jini. Akwai ƙarfe, shi ke taimakon jini ya kai iska ko'ina cikin jiki. Akwai zinki, mai taimakon miki ya warke. Akwai magneziyom, mai taimakon jiki ya sarrafa sukari. Akwai iyod, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo.

Da aka auna jinin manya masu ƙiba a ƙasashe da yawa, an tarar sau da dama ƙarfe da zinki da magneziyom sun yi musu ƙaranci. Dalili biyu ne. Na farko, abincin da ke sa kitse, kamar farar shinkafa, taliya, burodi, sukari da mai, yana cika ciki amma sinadaransa kaɗan ne. Na biyu, kitse mai yawa yana sa hanta ta fitar da wani abu da ke tare ƙarfe a hanji, ya hana shi shiga jini. Shi ya sa za ka ga mace mai jiki tana kukan kasala da jiri da haki.

Gishiri da kanwa

Wani sinadarin kuma yawansa ne ke cuta. Shi ne wanda ke cikin gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Yana riƙe ruwa a jiki, yana tada hawan jini, mai ƙiba kuwa ya fi kusa da wannan ciwo. OMS ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A shekarun 1970 likitocin Zariya sun ga masu jego da yawa da ciwon zuciya, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Saboda haka in ƙafafun mai jego sun kumbura, kada a ce ƙiba ce. A kai ta likita ran nan.

Auna kanka da igiya

Ba sai da sikeli ba. Ɗauki igiya, ka auna tsawonka daga kai har ƙafa. Ninka ta biyu, ka zagaya cikinka ɗan sama da cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, tumbi ya yi yawa.

Abin yi

Maganin na cikin rumbunmu. Gero da dawa suna da ƙarfe da magneziyom, sai dai kada a tsananta surfe, don amfanin na tafiya da dusa. A riƙa cin wake, gujjiya, zogale, kuka, yakuwa, hanta, kifi da fara. Tumatir da lemun tsami suna taimakon ƙarfe ya shiga jini. Shayi bisa abinci yana hana shi, a jinkirta kamar awa guda, a kuma rage sukari. A sayi gishiri mai iyod, a sa kaɗan. Akwai irin gero mai suna Chakti da aka fitar a Nijar a 2018, mai ƙarfe da zinki da yawa. Ku tambayi malamin gona.

Kada a sayi ƙwayar ƙarin jini ga ƴan talla. Ba ta narka kitse, yawanta kuma guba ne, balle ga yara. A je gidan likita mafi kusa, ko asibitin Galmi, ko Malbaza, ko Ƙwanni, ko Illela, a auna jini tukuna.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Mu haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.