Sanayya da Neman Aiki

Guraben aiki da dama ba sa kaiwa ga shafin jarida. Mai kamfani yakan fara tambayar na kusa da shi ko sun san wani mai riƙon amana da ya iya aikin, kuma sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Shi ya sa sanin mutanen sana'a ya zama jari ga mai neman aiki.

A shekarar 1973, wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya bayyana abin da ya gano bayan ya tambayi ma'aikata a garin Newton kusa da Boston yadda suka sami aikinsu. Waɗanda suka samu ta hanyar wani mutum, galibi ba amini ne ya ba su labari ba. Wanda suke haɗuwa da shi jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake. Aminai da 'yan uwa majalisarsu ɗaya, abin da ɗaya ya ji shi sauran suka ji. Tsohon abokin karatu da ke wani gari, ko wanda aka yi bautar ƙasa tare da shi, shi ke jin abin da ba a ji a unguwa.

Wannan ba alfarma ba ce. Alfarma takan ɗora wanda bai cancanta ba, ta zalunci mai haƙƙi. Sanayya ta gari shaida ce. A Kantin Kwari da ke Kano, ɗan kasuwa ba ya ba yaro kaya bashi sai wani ya ce: "Na san shi, yaron Alhaji ne, ba ya wasa da kuɗin mutane." Mai wannan magana mutuncinsa ya jingina, don haka ba ya yin ta a kan wanda bai ga aikinsa ba.

Wuraren ƙulla irin wannan hulɗa suna da yawa: ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, tarukan ƙungiyoyin ƙwararru irin su ICAN ta akantoci, da dandalin LinkedIn da aka buɗe a 2003. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi shekaru ba gaisuwa, sai ranar buƙata a turo saƙo: "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da aiki." Zumunci a ƙafa yake. Wanda ya nemi shawara takamaimai, ya faɗi abin da ya iya a jimla biyu, sannan ya dawo ya sanar da yadda ta kaya, shi ake tunawa idan gurbi ya samu.